Tambaya da Amsa: Ya amoniya ke ratsa tudu ba tare da ta hau shi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibar kemistiri ce, lakcara ya zana mana wani giraf kamar harafin W ya ce rijiyoyi biyu ne da tudu a tsakani, wai amoniya tana komawa daga wannan zuwa waccan ba ta hau tudun ba, wlh kaina ya ɗaure. Kuma ta ya aka auna tunda ba gani ake ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Amoniya dai naitirojin ɗaya ne da haidirojin uku, shi a sama su a ƙasa, in ta kife kamar lemar da iska ta juya to makamashinta bai canza ba, rijiyoyin biyu ke nan. Tudun shi ne lokacin da su huɗun suka shimfiɗe daidai wa daida, kuma tsayinsa kusan kilojul 24 ne a kowane mol, wajen ninki goma na abin da zafin ɗaki ke bayarwa, kin ga hawa ba nata ba ne.

Sai dai a lissafin kwantam, wato ilimin halayyar ƙananan ƙwayoyi, ƙwayar zarra ba ta da wuri guda tak, bazuwa take kamar igiyar ruwa, igiyar tata tana yoyo ta cikin tudun har ta ɓullo ɗaya gefen, Friedrich Hund ya bayyana wannan tun 1927. Abin da yoyon ke jawowa shi ne matakin makamashi ɗaya ya tsage biyu, kuma tazarar nan ita ake aunawa, kusan gigahaz 24. A 1934 Cleeton da Williams a Jami'ar Mishigan suka ga amoniya na shanye maikurowef a wajen nan. Hujjar da ta fi gamsar da ni kuwa, ki sa diyuteriyam, wato haidirojin mai ninkin nauyi, a madadin haidirojin na yau da kullum, sai tazarar ta faɗo zuwa wajen gigahaz 1.6, alhali tudun kusan yana nan yadda yake, nauyi ne kawai ya rage ratsawa.

Batun awo kuma dole a zuƙe iska, don in matsi ya yi yawa ƙwayoyin sai su yi ta karo da juna layin ya baje ba ki ganin komai sosai. Shi ya sa Charles Townes da abokan aikinsa a Jami'ar Kolombiya suka feso amoniya siriri cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, suka yi amfani da lantarki suka ware masu matakin makamashi na sama, daga nan aka sami mesa (maser, na'urar ƙara ƙarfin maikurowef) ta farko a 1954.

A saman silikon ma akwai irin rijiyoyin nan, ƙwayoyin suna haɗuwa bibbiyu ɗaya sama ɗaya ƙasa suna ta musanya, amma fa nan zafi ne ke haurar da su, sai an sanyaya suke tsayawa. Zuƙar iskar ma ta fi tsanani, a matsin tor 0.000001 (tor ma'aunin matsin iska ne) cikin kamar sakan ɗaya iskar da ta rage za ta iya lulluɓe saman, sai an ƙara rage shi sau 10,000 kafin a samu 'yan awannin aiki.