Zangon ɗalibai a daji: yaya ake yi ya haifar da zumunci?

Tambaya: Ni malami ne a wata sakandare a Zariya. Ɗalibaina kowa ya manne wa 'yan unguwarsu ko 'yan yarensu. Ina son in fita da 40 daga cikinsu zangon kwana uku. Da gaske irin wannan fita tana haɗa kan yara, ko yawon shan iska ne kawai?

Amsa: Malam, tana haɗawa, muddin ka tsara ta yadda yaro ba zai ci abinci ko ya sami makwanci ba sai da hannun wani. Hikimar da ke cikin gayya ke nan.

Fara da rabo. Ka kasa su gida biyar, takwas-takwas, kuma kai za ka yi rabon. In ka bar musu zaɓi, kowa zai ruga wurin abokinsa na da, a dawo yadda aka tafi. Rukuni in ya wuce takwas, malalaci yana samun wurin fakewa, mai kunya kuma ba a jin muryarsa. Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar Sikawut, haka ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907: yara 20, 'ya'yan masu hali da na talakawa, ya cakuɗa su a rukuni huɗu.

Kowane rukuni ya sami tantinsa, tukunyarsa da jarkarsa. Ɗebo ruwa, samo itace, girki da wanke-wanke su riƙa zagayawa kullum, shugabanci ma haka. In tuwo ya yi gudaji, ku malamai kada ku karɓe muciya. Su ci a haka, gobe su gyara. Irin wannan tuwon ne za su riƙa tunawa bayan shekara ashirin.

Inda aka fi yin kuskure shi ne gasa. A 1954, a Oklahoma ta Amurka, masani Muzafer Sherif ya raba yara 22 gida biyu, ya sa su gasa da kyaututtuka. Cikin 'yan kwanaki suka kai ga ƙona tutar juna. Da aka zaunar da su cin abinci tare, jifa suka yi da shi. Gabar ta lafa ne da ruwan zangon ya yanke, motar abinci kuma ta ƙi tashi, dole suka haɗu suka ja ta da igiya. Don haka a rana ta biyu ka ba duk rukunonin aiki ɗaya da ya fi ƙarfin kowanne, kamar cike zaizayar da ta cinye hanyar ƙauyen da kuka sauka.

Ka karɓi wayoyi tun a mota. Bayan sallar isha a zauna gefen wuta rabin awa, kowa ya ambaci taimakon da wani ya yi masa yau.

Fita tsakanin Nuwamba da Janairu, da barguna. Ka tanadi ruwan sha aƙalla lita uku ga kowa a rana, takardar yardar iyaye, malama a tantin 'yan mata, da izinin mai gari da 'yan sanda. Batun tsaro ba abin wasa ba ne. In hankalinka bai kwanta ba, filin wata makaranta mai katanga ya isa.

In kun dawo, kada ka rushe rukunonin. Ka ba kowanne itatuwa goma su dasa, su riƙa ban ruwa tare har damina ta sauka.