Tangaɗi, Karkarwa da Mutuwar Jiki a Bakin Majiyyaci

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai koyon aikin jinya. Idan muna duba motsin jikin majiyyaci, wani yakan ce jikinsa ya mutu, wani ya ce tangaɗi yake yi, wani kuma ya ce jiri. Shin duk abu ɗaya suke nufi?

Amsa: Ba abu ɗaya ba ne, kuma bambancin da Hausa ta yi a nan ya zo daidai da wanda likitoci suke yi. Idan Bahaushe ya ce jikinsa ya mutu, yawanci kasala yake nufi, wato gajiyar da ta game jiki duka. Idan kuwa ƙarfi ya bar hannu ko ƙafa, kalmar da ta dace ita ce shanyewa. Wannan ne kuke aunawa da ma'aunin nan na 0 zuwa 5 da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta yaɗa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu: 0 babu ko motsin tsoka, 3 gaɓa tana ɗaguwa amma ba ta jure dannawa, 5 kuwa cikakken ƙarfi.

Tangaɗi wani abu ne dabam, kuma a nan nake so ki dakata. Mai tangaɗi yana iya samun 5 a kowace gaɓa, ya damƙe hannunki har ki ji zafi, amma da ya miƙe sai ya ware ƙafafu yana layi kamar mashayi. Ƙarfi yana nan, saiti ne ya ɓace. Aikin saita motsi na ƙaramar ƙwaƙwalwa ne, wadda take ƙasan babbar ta wajen ƙeya. Girmanta bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa ba, amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa a cikinta suke. Kamanta mai tangaɗi da mashayi ba ƙage ba ne, domin giya tana taɓa wannan sashen kai tsaye. Shi ya sa ake sa majiyyaci ya yi tafiya a layi ɗaya, dunduniya tana taɓa yatsun ɗaya ƙafar, ko ya kwanta ya zame dunduniyarsa a kan ƙwaurin ɗaya ƙafar daga gwiwa zuwa idon sawu, ko ya riƙa kifa tafin hannu yana birkice shi da sauri a kan cinya. Ki lura cewa cutar wannan sashen tana bayyana ne a ɓangaren jikin da take, ta dama a dama, ta hagu a hagu, saɓanin shanyewar ɓarin jiki, inda illar dama a babbar ƙwaƙwalwa take kashe hagu.

Jiri da hajijiya kuwa abin da mutum yake ji ne a kansa, ba abin da ake gani ba, kuma sau da yawa daga cikin kunne suke tasowa.

Tambaya: Malam, ni nas ne. Mene ne bambancin karkarwa, makyarkyata da rawar jiki?

Amsa: Karkarwa da makyarkyata 'yan uwa ne, duka suna nufin kaɗawar jiki ba da nufin mai shi ba, sai dai kunnena ya fi jin makyarkyata tare da sanyi, zazzaɓi ko tsoro. Rawar jiki ce nake ba ka shawara ka kiyaye, domin a maganar yau da kullum zumuɗi take nufi, kamar a ce wane yana rawar jiki da baƙi. Abin da ya fi zaɓen kalma muhimmanci shi ne ka faɗi lokacin da karkarwar take zuwa. Wadda take bayyana hannu yana ajiye, ta lafa idan an miƙa shi, ita ce ta cutar Parkinson, wadda likitan Ingila James Parkinson ya bayyana a 1817. Wadda take tsananta yayin da yatsa ya kusa isa inda aka nufa, kamar idan majiyyaci yana kai yatsa daga hancinsa zuwa yatsanka, tana nuni ga ƙaramar ƙwaƙwalwa. Da ni ne, sai in kira ta farko karkarwar hutu, ta biyu karkarwar nufi.

Tambaya: Malam, shin karin maganar nan "jiki magayi" tana da alaƙa da wannan aiki?

Amsa: Magayi daga gaya yake, wato mai ba da labari, kamar yadda ake samun mafaɗi daga faɗa. Asalin maganar gargaɗi ce ga mai taurin kai, cewa abin da kunne ya ƙi ji jiki zai gaya masa, kuma 'yar uwarta ita ce "jiki ya fi kunne ji". Amma lafazinta ya dace da gwajin da ake jingina wa likitan Jamus Moritz Romberg, inda majiyyaci yake tsayawa ƙafafu a haɗe, ya rufe ido, nas yana kusa don ya tare shi. Wanda ya tsaya daram ido a buɗe, ya fara faɗuwa da rufe ido, saƙon da gaɓoɓi suke aikawa ta laka ne ya yanke, ido ne yake rufa masa asiri. Mai cutar ƙaramar ƙwaƙwalwa kuwa yana layi ko da idonsa biyu a buɗe. Haka ma alamar da likita Joseph Babinski ya bayyana a Faransa a 1896: idan aka karta tafin ƙafar babban mutum, babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya lanƙwashe ƙasa, akwai illa a hanyar da umarnin motsi yake bi daga ƙwaƙwalwa, alhali a jariri ɗagawar ba cuta ba ce.