Minsharin Maigidana Ya Kore Ni Daga Ɗaki

Assalamu alaikum Anti. Shekararmu 11 da aure, maigidana direban babbar mota ne, daga Ngaundere yake ɗaukar kaya zuwa Kuseri. Minshari dai tun ina amarya yake yi, amma tun da ya ajiye tumbi abin ya sauya. Sai ya yi ta ja kamar injin markaɗe, can sai ɗif, ƙirji na motsi amma ba numfashi, har in kai hannu in girgiza shi, ya zabura kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Da safe ga ciwon kai, ga baki a bushe, ga faɗa ba dalili. Yaron motarsa ya tsegunta min cewa sau biyu yana gyangyaɗi a kan sitiyari. Surukata ta ce dannau ne, kullum sai hayaƙi. Ni kuwa na koma ɗakin yara, shi ya ɗauka gudunsa nake. Yaya zan yi?

Maman Yara, Garwa

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ni ba ƙarar ce ta tayar min da hankali ba, shirun nan ne da kike ji a tsakani. Idan mutum ya yi barci naman maƙogwaro kan saki, harshe ya zame baya. In hanyar iska ta ƙuntata, shi ne minshari. In ta toshe na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar da jini ke buƙata sai ta ragu, ƙwaƙwalwa ta fizgo shi daga barci don ya shaƙa. Wani hakan kan same shi fiye da sau 30 a awa ɗaya, gari ya waye bai san an yi ba. Shi ya sa ya kwana amma bai huta ba. In aka bar shi, yana tafe da hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Hajiya a bar ta da addu'arta, amma mai dannau idonsa biyu, motsi ne yake kasawa. Wannan daban.

Maganar mota ita ce ta gaggawa. Mai gangara tsaunin Ngaundere da tirela yana gyangyaɗi, ba ransa kaɗai ya ɗauko ba. Goro da shayi ba sa biyan bashin barci, tiramol kuwa da maganin barci ƙara danne numfashi suke. Ya dakata da doguwar tafiya har likita ya gan shi.

Kada ki tsaya musu da shi, maza ba sa yarda suna minshari. Ki naɗi minti biyu a waya, da shirun da zaburar, ki kunna masa bayan ya ci ya ƙoshi, ku biyu kawai. Ki ce tsoro ne ya fitar da ke, ba ƙi ba. Wannan faifan ku kai wa likita, a auna jininsa, a duba hanci da maƙogwaro wajen wanda muke ce wa ORL, ku kuma nemi gwajin barci. Akwai na'urar CPAP mai hura iska ta hanci da daddare, tana aiki sosai, sai dai tsada da buƙatar wuta.

Kafin nan ya rage tuwon dare da taba in yana sha, ya riƙa kwanciya ta gefe. Ki ɗinka masa aljihu a bayan rigar barci ki cusa ƙaramin ƙwallo, rigingine zai gagare shi. Ki koma ɗakinki yau, ko da auduga a kunne.