Tambaya da Amsa: Shin tokar gawayin ƙasa na iya zama kayan lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin kimiyya ne a Tawa. Na ji ana cewa masana na gauraya tokar masana'antu da wata irin roba da wutar lantarki ke bi ta cikinta. A sanina roba ita ce ake naɗe waya da ita don kada wuta ta kama mutum. Yaya abin yake, kuma ko zai amfane mu a Nijar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ka sani game da robar da ke jikin waya gaskiya ne, amma ba kowace roba ce take tare wuta ba. A shekarar 1977 Hideki Shirakawa na Japan, tare da Alan MacDiarmid da Alan Heeger a Amurka, suka nuna cewa robar da ake kira poliasetilin tana barin wuta ta wuce idan aka sa mata tururin aidin, kuma wannan aiki ne ya ba su lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2000. Wadda aka fi gaurayawa da toka ita ce polianilin, saboda arha gare ta kuma haɗa ta ba wuya.

Tokar da ake nufi ba ta murhu ba ce. Ita ce mai laushi kamar garin alkama wadda hayaƙi ke ɗauka idan ana ƙona gawayin ƙasa a tashar wuta, sai a tare ta kafin ta fita sarari. Yawancinta silika ne da alumina da tsatsar ƙarfe, wani lokaci da farar ƙasa. A ɗakin gwaji ana zuba ta cikin ruwan asid da anilin, wato sinadarin da ake yin polianilin da shi, a sanya kwanon cikin ƙanƙara, a riƙa ɗiga maganin da ke ƙulla robar ana motsawa, har ruwan ya rikiɗe ya koma kore mai duhu, robar kuwa ta lulluɓe kowace ƙwayar toka. Daga nan a tace, a shanya, a matse garin ya zama ɗan faifai don aunawa.

Nan ne mutane ke ruɗewa. Ita tokar ba ta barin wutar lantarki ta wuce; robar da ta lulluɓe ta ce hanyar, don haka idan toka ta yi yawa, ƙwayoyinta sukan katse hanyar, ƙarfin wucewar wuta ya ragu. Haka kuma tokar da farar ƙasa ta yi mata yawa tana kashe kaifin asid ɗin da polianilin ke dogara da shi, sai launinta ya karkata zuwa shuɗi, aikinta ya mutu. Ribar da ake samu daga tokar ita ce rage kuɗi, da ƙarin tauri, da jure zafi. Saboda haka kada ka yi zaton wannan haɗi zai maye gurbin wayar jan ƙarfe, domin tazarar da ke tsakaninsu mai nisa ce ƙwarai. Inda ake gwada shi shi ne rufin da ke kare na'urori daga katsalandan na igiyoyin rediyo, da fentin hana tsatsa, da ƴan na'urorin auna laima.

Game da Nijar, muna da tokar, tun da kamfanin Sonichar yana ƙona gawayin Anu Araren kusa da Cirozerin don ba Agadas da wuraren haƙar ma'adinai na Arlit wuta, ga kuma gawayin Salkadamna a nan jaharku ta Tawa. Sai dai a ganina hanyar da ta fi kusa ita ce siminti, domin duniya ta daɗe tana zuba irin wannan toka cikin kankare, kuma masana'antar Malbaza ba ta da nisa da ku. Aikin robar kuwa gram kaɗan yake ci, ba zai kwashe tulin toka ba, amma ya isa darasin bincike mai kyau ga ɗalibi irinka. Idan za ka taɓa shi, ka fara da auna abin da ke cikin tokar, domin takan ƙunshi dalma da arsenik, shi ma anilin guba ne da ke shiga ta fata, don haka sai da safar hannu da takunkumi, ƙarƙashin kulawar malaminka.