Kada ka taɓa tsohuwar kwamfutar nan tukuna

Jiya bayan la'asar ka ce mini: "Masta, me zai hana mu kai kwamfutar fatan nan Circle, wurin masu gyaran kwamfuta a Accra, a goge ta, a ɗora mata Windows 11, mu huta da nawarta?" Na ce ka bari mu tashi daga aiki. To saurara, ɗana.

Zagaya bayanta ka duba. Akwai wani ɗan abu kamar akwatin ashana a maƙale a faffaɗar kafar firinta mai ramuka 25. Shi ne dongul, makullin manhajar AccuMark ta kamfanin Gerber da muke zana fatan da ita, wato zanen da ake bi a yanka yadi. In babu shi ba ta buɗewa. Kwamfutocin yanzu ba sa zuwa da wannan kafa, kuma wayar da ake sayarwa mai juya ta zuwa USB firinta kawai take yi wa amfani, dongul ba ya jin ta. Filota, wato babbar firintar da ke buga fatan, da teburin kwafe fatan su ma direbobinsu, manhajojin da ke haɗa su da kwamfutar, na zamanin Windows XP ne.

Na san Microsoft ta daina kula da XP tun watan Afrilun 2014. Shi ya sa na hana a haɗa ta da intanet, na hana kowa cusa mata filashinsa.

Abin da ke cikinta shi ne ke raina. Yunifom na makarantun Nima da Mamobi, kaftani, wando, kowanne da ƙa'idar ƙarin sayis ɗinsa. Hammatar kaftanin nan da kake yankawa ido rufe, na yi shekaru ina rage ta ina ƙara ta kafin ta zauna a jikin mutanenmu.

Za mu canza, ban ce ba za mu canza ba. Amma sai an fara kwafe faifan ajiyarta gaba ɗaya zuwa wani faifan, a sa shi a gwada a ga ya tashi. Sannan mu fitar da kowane fatan a tsarin DXF na AAMA ko ASTM, wanda sauran manhajoji irin su Modaris da Optitex ke karantawa, tare da fayil ɗin ƙarin sayis. Nan ne mutane ke tuntuɓe. Na taɓa kai fatan wando wata masana'anta, sayis 32 ya fito daidai, hankali ya kwanta. Ashe ƙa'idar ƙarin ba ta biyo shi yadda ya kamata ba, alamomin tsaga na gwiwa sun goce a manyan sayis. An riga an shimfiɗa yadi ninki-ninki, wuƙa ta bi ta kai, sai a kan keke teloli suka ga gaba da baya sun ƙi haɗuwa. Wallahi har yau in na tuna yadin nan raina na ɓaci.

Saboda haka duk sabuwar na'ura, kafin komai a zana murabba'i mai inci 10 kowane gefe, a buga a filota, ka ɗora tef a kai, tsaye da kwance. Bayan nan a buga ƙaramin sayis da babba, a ɗora su kan tsohon kwalinmu, gefe kan gefe, tsaga kan tsaga.

Kamfanin Lectra na Faransa ya sayi Gerber a 2021, sabon lasisi kuma da kuɗin waje ake biya, sai mun yi lissafi da sidinmu, kuɗin Ghana. Manhajar sata da yara ke ɗorawa a kasuwa ba za ta shigo shagon nan ba. Seamly2D kyauta ce, ka koye ta a laftof ɗinka, amma ba ta buɗe fayilolinmu.

Kafin nan, ka riƙa hure wa tsohuwar kwamfutar ƙura in hunturu ya shigo, kada kuma a kunna ta ba UPS, ka dai san dumso, yawan ɗauke wutar nan. Gobe ka sayo batir CR2032, agogonta ya fara komawa baya, ka biya ka tambayo kuɗin faifai biyu. Da kaftani za mu fara.