Hukuncin ajiye kaset-kaset ɗin mahaifi a rumbun intanet

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Hindawiyya, Makka. Mahaifinmu ya rasu ya bar akwati cike da kaset-kaset: tafsiri, wa'azi, waƙoƙin bege, na kalangu da garaya, har da saƙonnin da dangi ke aiko masa daga Kano ta hannun alhazai. Na juye su duka na ɗora a Google Drive, ina saurara a mota. Giga 15 ɗin kyauta ta cika, yanzu ina biya duk wata. Na kuma tura linkin a zauren WhatsApp na dangi. Abokina ya ce babu laifi, wai abin da aka naɗa ba kiɗa ba ne, amonsa ne kawai. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ɗana, rumbun intanet mazubi ne, hukuncinsa na bin abin da aka zuba a ciki. Tafsiri, wa'azi da saƙonnin dangi, ajiye su alheri ne. Begen da babu kayan kiɗa kuma babu wuce gona da iri, ka bar abinka. Kalangu da garaya kuwa, mashhurin mazhabobi huɗu hani ne, ban da bandiri a biki, kuma a kan haka nake ba da fatawa.

Inda hankalina ya tsaya shi ne linkin da ka tura. Da kai kaɗai ke ji, da tsakaninka da Ubangijinka ne. Yanzu kai ne mai buɗe wa dangi ƙofa, a Kano da Jidda da duk inda aka sake tura shi, kana barci ana ji. Mai nuna hanya yana da kasonsa, ta alheri ce ko akasinta. Ka rufe linkin yau, kafin ka fara tantancewa.

Maganar abokinka ba sabuwa ba ce, tun zamanin garmaho ake yin ta. Masu ita suna cewa ai malamai da yawa ba su ɗora sujadar tilawa a kan wanda ya ji ayar sujada daga kaset ba, don haka naɗaɗɗen sauti ba sautin gaske ba ne. Wannan ƙiyasi bai zauna ba. Sujadar mai sauraro a ɗaure take da samuwar mai karatu a lokacin, wanda ya nufi karatun. Kaset ba shi da niyya. Hanin kiɗa kuma bai rataya ga ganin makaɗi ba, ya rataya ga sautin da ke shiga kunne da abin da yake yi wa zuciya. Wanda ya kasa kunne ga kiɗa ta bayan katanga, wa ya taɓa ce masa ya kuɓuta don bai ga mai gangar ba? Sannan ka tambayi abokin naka: idan aka naɗi muryar wani yana zagin iyayensa aka kunna masa, zai ce amo ne kawai? Idan kuma naɗaɗɗe ba komai ba ne, to tafsirin da ke cikin akwatin nan ma ba ya amfanar kowa ke nan, kuma babu mai faɗin haka. Hasali ma naɗaɗɗen ya fi kama mutum: makaɗi yakan gaji ya tafi gida, wayarka tana tare da kai har bakin Harami.

Kuɗin da kake biya duk wata haya ce, kuma halal ce in don halal ake biya. Amma ka duba: idan ka goge kiɗan sauran suka shiga cikin giga 15, to ashe kiɗan kake biya wa haya.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Na san ba kalangun ne ya riƙe ka ba, kewar mahaifinka ce, kuma ba na raina wannan. Ka nemi muryarsa a cikin saƙonnin nan, in akwai. Sai dai saƙonnin amana ne. A ciki akwai gwaggonninka suna faɗa wa ɗan'uwansu matsalar aure da bashi da rashin lafiya, ba don jikoki da surukai su ji ba. Kada su koma zauren dangi sai da izinin masu su.

Akwatin kansa gado ne, ba naka kai kaɗai ba. Ka sanar da 'yan'uwanka, musamman mata, ka ba kowa kwafin halal ɗin da ke ciki. Ka raba folda, kada waya ta gama tafsiri ta faɗa waƙa. Ka ajiye wani kwafin a gida, domin Google na iya goge asusun da ya yi shekara 2 ba a taɓa shi ba. Ka kuma bar wa wanda ka amince da shi kalmar sirrin, don a samu mai iya gyara ko rufe asusun in ta Allah ta kasance.

Wallahu a'alam.