Ƙanwata, Mama tana jin ku

Sannu ƙanwata. Sai da na ajiye wayar na share hawaye kafin na iya rubutu. Kin ce wata 2 ke nan da Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki, ƙafa ta fara takawa amma magana ta ƙi, kalma ɗaya take ta nanatawa, ga yawan kuka, har kina tsoron ko hankalinta ne ya taɓu. Shekara 4 da suka wuce ni ce a kwance haka. Tawa kalmar "to" ce. Ruwa kike so? To. Ina ke miki ciwo? To. A raina magana ce cikakkiya nake shiryawa, sai ta zo bakina ta ɓace.

Likita ya yi wa maigidana bayani a gabana, kuma na fahimta sarai. A yawancin mutane ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da harshe, shi ne kuma ke juya ɓarin dama na jiki, shi ya sa wanda damarsa ta shanye ya fi rasa magana. Kusan mutum 1 cikin 3 da ciwon ya kama suna samun wannan matsalar. Akwai waɗanda fahimtar ma takan taɓu, wannan likita ne zai gwada ya gaya muku. Amma ba hauka ba ne.

Abin da har gobe ba na mantawa, wata 'yar'uwar maigidana ce ta zo dubiya. Ta zauna a bakin gadona, tana latsa waya, ko kallona ba ta yi ba, ta ce wa wadda suka zo tare, "Ai wannan sai addu'a, ba ta san wanda ke kanta ba." Daga nan suka shiga lissafin wanda zai ɗauki autata. A kan gadona fa! Na tattara duk ƙarfina zan ce ina raye, 'yata ba ta zama marainiya ba. Me ya fito? "To." Wallahi matar nan dariya ta yi, ta ce, "Kun ji, ta ma yarda." Kwana na yi ina kuka, aka ɗauka jikin ne, aka ƙara mini maganin ciwo. Yanzu idan mun haɗu sai ta riƙa cewa ita ce ta fi kowa tsaya mini. Na yafe, amma ba na iya daɗewa wuri ɗaya da ita. Don Allah duk mai zuwa dubiya ki ja shi gefe tun daga ƙofa.

Kada ku ɗaga mata murya, ba kurma ba ce. A kashe talabijin, mutum ɗaya ya yi magana, tambaya gajera wadda za ta amsa da kai ko ta nuna da hannu. Sannan ki jira. Jiran nan ne ke gagarar mutane, kowa sai ya yi caraf ya ƙarasa mata. Ki gwada ta da abin da ta haddace tun yarinta, ƙirga 1 zuwa 10, addu'a, waƙa. Ni ƙirga ce ta fara fita, ranar har ɗana ya tsorata. Kuma ki matsa a haɗa ku da masu koyar da magana, kada a tsaya a gashi kawai. Wata 3 zuwa 6 na farko sauƙin ya fi sauri, amma ni har a shekara ta biyu ina samun sababbin kalmomi.

Kukan ma ki faɗa wa likita. Ciwon damuwa yana yawan biyo bayan wannan lalurar, kuma akwai magani. Idan tana ƙwarewa ko tari wurin shan ruwa kada ku yi wasa, yana iya gangarawa huhu.

Ke ma kina auna jininki kuwa? Ni na jawo wa kaina, na daina shan maganin hawan jini don ina jin garau. Ana saura mako guda hannuna ya mutu na 'yan mintoci ya dawo, na ce kwanciya ce. Ranar da abin ya zo, baki ya karkace, aka zauna ana murza mini hannu har yamma, alhali allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake yin ta, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Idan naki yana kai 140/90 ki ga likita, kada ki biye mini.

Har yanzu idan na gaji nakan kira cokali da sunan mabuɗi, yaran su yi ta dariya. Wannan ma da hannun hagu na rubuta, ki yi haƙuri da kurakurai. Wace kalma ce Maman take nanatawa?